Ƙofar Tarago Da Amanar Ɗan Kasuwa: Abin Da Ya Kamata A Gyara Kafin Jirgin Kaya Ya Dawo Kafanchan

Hanyar motar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Mararaban Rido da Kujama da Kachiya da Zonkwa har zuwa Kafanchan tana ɗauke da kaso mai yawa na nauyin cinikin kudancin Jihar Kaduna. Ta nan manyan motoci ke gangarawa da takin zamani da siminti, ta nan kuma suke dawowa da citta da masara da doya. Alhali kuwa tun shekarar 1927 akwai layin dogo tsakanin Kaduna da Kafanchan, wanda aka shimfiɗa musamman domin irin wannan kaya mai nauyi. Idan aka tambayi dalilin da ya sa jirgin ƙasa ya rasa wannan ciniki, amsar da aka saba ji ita ce lalacewar layi da ƙarancin kawunan jirgi, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambata ba a tarurrukan manya, ko da yake duk ɗan kasuwar da ya taɓa yin lodi a tasha ya san shi, wato halin da ƙofofin taragun kaya suke ciki.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce a gefen biliyoyin da ake ambata a harkar jiragen ƙasa. Ra'ayinmu shi ne, a wurin mai kaya, ƙofar tarago ita ce ma'aunin da yake auna hukumar baki ɗayanta. Bai san ƙarfin injin kan jirgi ba, bai kuma damu da irin katakon da ke ƙarƙashin layi ba. Abin da ya sani shi ne ya zuba buhunansa an rufe a gabansa, yana kuma son a buɗe a gaban wakilinsa a tarar da su cif yadda ya zuba su, a bushe.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A nan ne layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu gida biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan ya hau zuwa Jos, wanda daga baya aka ja shi daga Kuru har ya isa Maiduguri a 1964. Kuza daga Filato da kwal daga Inugu da amfanin gona iri-iri duk sun bi ta wannan mahaɗa. A wajejen wannan shekara ta 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, tana jigilar kaya kusan tan miliyan 3 a shekara. Daga nan al'amura suka yi ta ja da baya. An gayyato kamfanin RITES na Indiya ya riƙe ragamar hukumar daga 1979 zuwa 1982, an kuma ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar farfaɗo da layuka da sayo kayan aiki a 1995. Kowanne daga cikin waɗannan yunƙuri ya kawo sabon ƙarfe, amma ɗabi'ar kula da ƙarfen bayan an sayo shi ba ta zauna ba.

Domin a fahimci batun, ya kyautu a san yadda ƙofar take. Taragon da ake ɗaukar kayan buhu a cikinsa rufaffe ne kamar ɗaki, yana da babbar ƙofar ƙarfe a kowane gefe wadda ake turawa ta zame a jikinsa. Nauyinta yana kan wasu ƙananan tayoyi da ke gudu a bisa wani miƙaƙƙen ƙarfe, akwai kuma wani ƙarfen da ke riƙe ɗaya bakin nata don kada ta karkace ta fita waje. Sai sakata da wurin saƙala kwaɗo da hatimi. Waɗannan 'yan ƙarafa ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta kuɗinsu da na tarago sukutum, amma da zarar ɗaya ya ci, taragon ya tashi daga aiki ko da tayoyinsa da birkinsa lafiya lau suke.

Abubuwan da ke cinye su sanannu ne. Na farko shi ne jijjigar tafiya. Ƙofa ko a rufe take tana ɗan motsi a duk lokacin da jirgi ya taka mahaɗin layi, kuma wannan gugar da ba ta tsayawa takan fafe tayar ƙofar ta yi mata gefe, ta kuma haƙa rami a daidai wurin da tayar ke zama. Na biyu shi ne yanayin ƙasarmu. Idan aka lafta giris da yawa a lokacin hunturu, ƙura takan manne a jikinsa ta mayar da shi kamar garin wasa wuƙa, ya koma cin ƙarfen da aka shafa shi domin ya kare. Da damina kuwa, garin simintin da ya zube a hanyar ƙofa yakan sha ruwa ya daskare kamar dutse, ɓurɓushin takin zamani kuma ya jawo tsatsa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Na uku, wanda ya fi sauran ɓarna, daga hannun mutane yake fitowa. Idan aka jera buhuna har suka jingina da ƙofa, tafiya takan sa su zame su danne ta daga ciki. A tashar sauke kaya sai ta ƙi buɗuwa, 'yan dako kuma ana biyansu ne bisa yawan buhun da suka sauke, saboda haka babu mai jira. Sai a kawo ƙarfe a banƙare ta, ko a ɗaura mata igiya a fizge ta da mota. Ƙofar za ta buɗu a ranar, amma daga nan ta tanƙware ke nan, ba za ta sake rufuwa ruf ba. Haka nan idan aka ja tarago fanko ƙofarsa a buɗe ba a saƙale ba, duk birkin da aka taka sai ta ruga ta doki ƙarshen hanyarta da dukkan nauyinta.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofar da ta bar tazarar yatsu biyu ta ishi ruwan sama ya shiga, ta kuma ishi ɓarawo ya zura ƙarfe ya huda buhu. Mu ɗauka, a matsayin misali, tarago ya ɗauko tan 30 na siminti, wato buhu 600 masu kilo 50. Idan buhu 30 kacal na bakin ƙofa suka jiƙe, an yi asarar kashi 5 cikin 100 na kayan, wanda a irin wannan ciniki na riba kaɗan-kaɗan yana iya haɗiye duk rangwamen da ya sa mai kayan ya zaɓi jirgi tun farko. Ga mai busasshiyar citta daga Kachiya ko Kwoi abin ya fi muni, domin danshi yana kawo fumfuna, masu saye a ƙasashen waje kuma sukan ƙi karɓar kayan da suka yi fumfuna. Manoman yankin sun riga sun sha wuya da cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023, don haka ɗan abin da suka samu bai kamata ya lalace a hanya ba. Direban tirela yana da tamfol, kuma mai kaya ya san wanda zai riƙe idan an yi ɓarna. A tashar jirgi kuwa, neman diyya kan zama yawo daga ofis zuwa ofis. Ɗan kasuwar da abin ya shafa sau ɗaya ba ya sake dawowa, kuma sai ya gaya wa abokan cinikinsa.

Akwai masu ganin cewa zamanin rufaffen tarago ya wuce, tunda kwantena ta karɓe kasuwa. Hujjarsu tana da ƙarfi ta wani ɓangare, musamman ga kayan da ke shiga da fita ta teku, kuma domin haka ne aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a Kakuri a watan Janairun 2018. Amma mai buhu 200 na masara a Zonkwa da ke son kai su Inugu ba shi da na'urar ɗaga kwantena a tasharsu, ba kuma zai biya kuɗin dawo da ita fanko ba. Cinikin cikin gida na hatsi da taki da gishiri da siminti har yanzu a buhu yake tafiya, kuma ƙananan tashoshi da hannu ake lodi a cikinsu. Muddin haka abin yake, rufaffen tarago na nan da aikinsa.

Wasu kuma na cewa a bari sai an gama gyaran layi tukuna a yi maganar ƙofa. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, kuma wannan shi ne layin da ya ratsa Kafanchan. To ai lokacin jira shi ne lokacin shiri. Taragun da ke ajiye a tashoshi suna shan rana da ruwa, kuma taragun sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba za su iya hawa tsohon layi ba, domin faɗinsa milimita 1,435 ne, na tsohon kuwa 1,067. Ke nan ranar da jirgin kaya zai dawo da ƙarfinsa a kudancin Kaduna, ko dai a yi amfani da tsofaffin taragun da aka gyara, ko a sayo sababbi waɗanda su ma za su bi sahun na da idan ba a sauya hali ba.

Matakan da ake bukata ba masu tsada ba ne. Ya kamata a wajabta share hanyar ƙofa da tsintsiya bayan kowane sauke kaya, a kuma rage lafta giris a koma ga busasshen man shafawa irin na garin girafayit wanda ƙura ba ta kama shi sosai. A sababbin taragu, a sharɗanta wa mai kwangila ya sa tayoyin ƙofa masu rufaffen boris, sannan wuraren da guga ta fi ci a yi musu faranti mai tauri da ake ɗaurewa da noti, yadda idan ya ci za a kwance a sauya shi cikin awa guda ba tare da an kai taragon walda ba. A kuma tanadi katako ko sandunan ƙarfe da za a gitta daga ciki don su hana buhu jingina da ƙofa. Bugu da ƙari, kada mai kula da tasha ya sallami jirgi sai an tabbatar kowace ƙofa a saƙale take, ko taragon da kaya ko fanko.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne a san wanda zai biya. A Amurka, inda taragon wani kamfani ke yawo a layin wani, ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta ƙasar tana da ƙa'idojin musayar taragu da suka bambanta tsufa na yau da kullum, wanda mai tarago ke ɗauka, da ɓarnar da ta faru a hannun wanda ya yi amfani da shi, wadda shi zai biya. Babu abin da zai hana mu yin irin wannan a ƙaramin mataki. A sa takarda guda a kowane lodi, inda ma'aikacin hukuma da mai kaya za su duba ƙofa tare su sa hannu, a tashar farko da ta ƙarshe. Idan hukuma ta ba da tarago mai tsagaggiyar ƙofa kaya suka jiƙe, ta biya cikin wa'adi sananne. Idan 'yan dakon mai kaya ne suka banƙare ta, shi ya biya gyara. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

A nan ma akwai kasuwa ga masu sana'armu. Tayar ƙofa da sakata da farantin guga ba abubuwa ba ne da sai an jira jirgin ruwa ya kawo daga ƙetare. Maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna sun daɗe suna ƙera abin da ya fi wannan wuya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, waɗanda za su iya fitar da awo guda da gwada ingancin ƙarfe. Abin da ya rage shi ne hukuma ta wallafa awon kowane ɓangare, ta riƙa saye a kai a kai, ta kuma biya a kan lokaci. Tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, Gwamnatin Jihar Kaduna ma na da hurumin sa baki, kuma Kafanchan, da yake mahaɗa ce, ita ce wurin da ya fi dacewa a kafa rumfar duba taragu da gyaran ƙofofinsu.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, musamman masu citta da hatsi da dillalan taki, da kada su tsaya ga roƙon a dawo da jirgi kawai. Duk lokacin da aka kira su taro a kan batun, su nemi a rubuta musu a fili irin taragon da za a ba su, da wanda zai duba shi, da kwanakin da za a ɗauka kafin a biya diyya. Su kuma ja kunnen 'yan dakonsu game da banƙare ƙofa da ƙarfe. Idan aka yi haka, buhunan da a yau ke bin kwalta ta Mararaban Rido za su sami dalilin komawa kan layin dogo, hanyar motar kuma ta ɗan huta daga nauyin da ke farfasa ta.