Tuwon Gayya Na Masu Gayya Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ina so mu tsaya mu dubi wata al'ada da ta zama ruwan dare a ƙasar nan, watau al'adar ba da lambar yabo. Da wuya wata ya kama ya mutu ba a tara jama'a a wani zaure ba, a jera kujeru, a kira maroƙi, a miƙa wa wani mai babbar riga allon katako da aka rubuta cewa shi ne gwarzon raya al'umma. Idan ka bincika aikin da ya yi, sai ka iske bai wuce ya zo da rakiyar motoci ya yi alkawarin gudummawa ba. Su kuwa samarin da suka wuni cikin kwata da shebur suna yashe ta don kada ruwa ya ci gidajen unguwa, ko a bakin ƙofar zauren ba a bari su tsaya. Wannan zalunci ne, kuma shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai suna da hannu dumu-dumu a cikinsa, domin su ma sun mai da lambar yabo ƙoƙon bara.

Duk wanda ya tashi a Kuki ko wani ƙauye na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ya san gayya ba aikin banza ba ce. Mai gona yakan dama fura, a tuƙa tuwo, a kira makaɗan noma. Saurayin da ya riga kowa fitar da kunyarsa, a nan take za a yi masa kirari, kafin magariba sunansa ya zagaye gari. Babban ladan ma ba wannan ba ne. Wanda ka nome wa gona yau, gobe shi zai zo taka. Iyayenmu ba su taɓa ɗaukar cewa mutum zai yi ta wahala don jama'a har abada ba tare da an saka masa ba. Sun dai san inda sakamakon ya kamata ya faɗa, kuma ba a kai tuwon gayya gidan wanda ya kwana a inuwa.

To amma wannan tsari ya ginu ne a kan sanayya, ita kuwa sanayya ita ce abu na farko da ke mutuwa idan gari ya cika. Dubi Dutsin-Ma. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar kimanin 170,000 ne. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, bayan Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita da ke nan tun tuni, sai ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwarara. Daga baya kuma tashin hankalin 'yan bindiga ya koro mutane daga ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa zuwa garuruwan da suke ganin sun fi tsaro. Gonakin bakin gari suka zama filaye, filaye suka zama gidajen haya, ba lambatu, ba kwalbati, ba wurin zubar da shara. Maƙwabcinka ɗan haya ne, baɗi war haka ya tashi. Wa zai yi wa wa gayya? Duk da haka za ka ga ƙungiyoyin unguwa suna karɓar taro da sisi gida-gida, suna cike zaizaya, suna gyara maƙabarta, suna haɗa kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Waɗannan mutane suna yin aikin da ya fi na kakanninsu wuya, alhali ba makaɗi, ba fura, ba tabbacin ramuwa. In har akwai wanda ya cancanci sakamako a garin nan, su ne.

Sai dai kada wani ya zaci ina kiran hukuma ta sa gasa ta ajiye kofi. An taɓa gwada wannan, mun ga ƙarshensa. A watan Yuli na 1985, a Kano, Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da kashi na 5 na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda ya shafi tsabtar gari, ya kuma yi shelar kyautar naira miliyan 1 ga babban birnin jihar da ya fi kowane tsabta. Me ya biyo baya? Gwamnonin soja suka shiga rige-rigen rushe rumfuna da korar 'yan tebur da masu talla daga bakin titi. Talaka ya wayi gari shi ne ƙazantar da ake sharewa. Ran 27 ga Agusta aka hamɓarar da gwamnatin, gasar ta bi ruwa, wanda aka rushe wa rumfa kuwa ba wanda ya mayar masa da jarinsa. Haka kyauta take idan alƙalinta baƙo ne da zai zagaya gari cikin mota: babban titi za a share a shafa wa duwatsu farar ƙasa, lungun da ruwa ke kwana a bar shi yadda yake.

Akwai wata hanya, kuma ba mafarki ba ce, an yi ta a wata ƙasa da talaucinta bai gaza namu ba. A birnin Karachi na Pakistan akwai wata ƙatuwar unguwar talakawa mai suna Orangi. A 1980 wani masani, Akhtar Hamid Khan, ya fara aiki da mutanenta a kan magudanar ƙazanta. Mutanen kowane layi su ke zaɓen shugabansu, su tara kuɗinsu, su haƙa, su binne bututu a ƙofar gidajensu. Shi da abokan aikinsa awo suke yi musu, su zana taswira, su ara musu kayan aiki. Babbar magudanar da za ta kwashe abin da layuka suka zubo kuwa, wannan aka ce wuyan hukuma take, domin ta fi ƙarfin unguwa. Da haka dubun dubatan gidaje suka sami magudana a kan kuɗin da bai kama ƙafar abin da 'yan kwangila za su caja ba.

Wannan shi ne sakamakon da nake nufi. Unguwar da ta haƙa lambatunta, a kawo mata siminti da rodi da tifar tsakuwa, a turo mata injiniya ya duba gangaren ƙasa don kada ruwan ya koma ɗakin wani. Sa'an nan hukuma ta gina babbar kwalbatin da ruwan zai bi ya fita gari. Ƙungiyar da ta gama aiki ɗaya aka gani da ido, ita za a fara bai wa baro da diga da kwanon sarki na aiki na biyu. A karanta sunayen waɗanda suka yi aikin a masallacin Juma'a da gidan rediyo, ba sunan shugaban biki ba. Alƙalan kuwa su kasance matan unguwa da dattawanta, a zo duba aikin a tsakiyar Agusta lokacin da ruwa ke tona asirin kowa. A 2024 gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da shirin raya al'umma a mazaɓu 361 na jihar. Madalla. Amma in aka bar jagororin siyasa su zaɓi wanda za a ba, an sake gina wancan zauren ne da sabon fenti.

Na san abin da wasu 'yan'uwa masu zafin ra'ayi za su ce: wai yaba wa aikin gayya ɗaure wa gwamnati gindi ne ta yi barci, tunda haraji ake biya don ta yi waɗannan ayyuka. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, musamman a nan. An gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka buɗe aikin tace ruwanta da turo shi gari. Shekara 38 mutane suna sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa, ga teku a bayan gida! Wanda ya ga haka yana da hujjar ƙin yarda da hukuma. Amma ina tambayarsu, wa ya fi ƙarfin murya a gaban shugaban ƙaramar hukuma: wanda ya zo da takardar koke kaɗai, ko mutanen layi 10 da suka ce mun gama namu, ga shi can ruwa ya taru a bakin titi yana jiran naka? Gayya ba ta yafe wa hukuma bashi, sai ma ta bayyana adadinsa a fili.

Saura mu. Kuɗin da ƙungiyoyinmu ke kashewa wajen sassaƙa alluna da hayar zaure a bikin ƙarshen shekara zai sayi buhunan siminti masu dama. Muna da masu karatun taswira da na kimiyyar ƙasa da za su iya auna layukan unguwannin da muke haya a cikinsu, su miƙa wa masu unguwa kyauta. Ina kira ga majalisar ɗalibai da ta zartar a zamanta na gaba cewa ba za a ƙara ba kowa lambar yabo da sunanmu ba sai an faɗi aikin da ya yi, da unguwar da aikin yake, an kuma tura mutum 3 sun je sun gani kafin ranar biki.