Taƙi Ɗaya na Ruwan Teku da Lissafin da Ya Kayar da Ni a Aji

 

A zangon da ya wuce, malaminmu na darasin taswira ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya ɗauki wani yanki na gaɓar tekun Najeriya, ya nuna wuraren da ruwa zai iya ci nan da shekara 50. Na zaɓi gabashin Legas. Na kwana biyu a gaban kwamfuta ina shafa wa taswira launi, ja ga wurin haɗari, kore ga wurin da babu fargaba. Da na miƙa, malam ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Wannan tekun naka, ɗaure shi ka yi?" Na yi tsuru-tsuru. Ashe na yi lissafin komai, amma na bar ruwan teku a tsayin da yake a yau, kamar ba zai motsa ba har shekara 50 ɗin ta cika. Aka maido mini da aikin. Abin da na koya wajen gyara shi ne zan ba ku yau.

Da farko, teku yana tashi, kuma an auna. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira IPCC, ya ce a rahotonsa na 2021 ruwan tekunan duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Ku buɗe tafin hannunku daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kusan taƙi ɗaya ke nan. Wani zai ce, taƙi ɗaya a shekara sama da 100, ina abin damuwa? Damuwar tana cikin saurin. Daga 1901 zuwa 1971, ƙarin bai wuce milimita 1.3 a shekara ba. Daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara, wato kusan ninki uku. Da na'urorin da aka kafa a tashoshin jiragen ruwa ake aunawa, sannan tun daga 1992 taurarin ɗan'adam suka shigo aikin.

Abu biyu ne manyan dalilai. Na farko, ruwa idan ya ɗumama yana buɗewa ya nemi ƙarin wuri, kuma teku ne yake shanye mafi yawan zafin da ya ƙaru a duniya. Wannan kaɗai ya kawo rabin ƙarin da aka gani daga 1971 zuwa 2018. Na biyu, ƙanƙarar da ke zaune a kan tudu, a bisa manyan duwatsu da tsibirin Girinlan da nahiyar Antatika, tana narkewa tana gangarowa teku. Kuna iya gwada wannan a gida. Ku saka ƙanƙara a kofin ruwa, ku yi alama a inda ruwan ya tsaya. Idan ta narke, ruwan ba zai wuce alamar ba, domin da ma tana cikinsa. Sai ku ɗora wata ƙanƙarar a kan rariya a bakin kofin. Wannan karon ruwan zai haura alamar. Ƙanƙarar kan rariya ita ce ƙanƙarar tudu.

To yaya ake shigar da wannan cikin lissafin raunin gaɓar teku? Hanya mafi sauƙi ita ce wadda masana suke kira lissafin baho. A ɗauki taswirar da ke nuna tudu da kwari, a "zuba" ruwa a kwamfuta har tsayin da ake hasashe, duk inda ya nutse a shafa masa ja. A nan gangaren ƙasa ne yake yanke hukunci. Misali, a gaɓar da sai an yi tafiyar mita 10 ƙasa take ɗagawa da mita ɗaya, ƙarin santimita 50 zai shigo da ruwa mita 5 kacal. A shimfiɗaɗɗiyar gaɓa kuwa, inda sai an yi kilomita ɗaya ƙasa take ɗagawa da mita ɗaya, santimita 50 ɗin nan zai shigo da ruwa mita 500. Gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kilomita 853, mafi yawanta irin ta biyun ce: rairayi da taɓo da fadama.

Akwai kuma ma'aunin rauni da masu binciken ƙasa na Amurka suka yi amfani da shi a 1999, bisa aikin wata masaniya mai suna Vivien Gornitz. Ana raba gaɓa gunduwa-gunduwa, a duba abu shida a kowace gunduwa: irin ƙasar, ko dutse ce ko rairayi, gangarenta, saurin tashin ruwa, saurin zaizaya, tazarar da ke tsakanin cikar teku da janyewarsa, da tsayin igiyar ruwa. Kowanne a ba shi maki daga 1 zuwa 5, inda 5 ke nufin haɗari mai yawa. Sai a ninka makin duka shida, a raba da 6, a nemo sukwaya rut ɗin amsar. Ku ɗauko biro mu gwada da makin misali: 5, 4, 3, 5, 2, 3. Idan aka ninka su za a sami 1,800. A raba da 6, a sami 300. Sukwaya rut ɗinsa kusan 17.3. Yanzu ku canza maki na uku, na tashin ruwa, daga 3 zuwa 5. Za ku sami 3,000, sai 500, sai kusan 22.4. Lamba ɗaya aka taɓa, gunduwar ta ƙara matsawa sahun haɗari. Lambar da na yi sakaci da ita ke nan.

Da na koma gyara, sai na gano cewa ƙara santimita a kan taswira bai isa ba. Akwai tarko huɗu.

Tarko na farko, ƙasa ma tana motsi. Abin da ya shafi mai gida a bakin teku shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da dokin ƙofarsa, ko ruwan ne ya hau, ko ƙasar ce ta sauka. Birnin Jakarta na Indunusiya shi ne babban misali. Yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse ya sa wasu unguwannin arewacin birnin suna lotsawa da santimita da yawa a kowace shekara, abin da ya ninka tashin teku sau da dama. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a 2019 gwamnatin ƙasar ta sanar da shirin mayar da babban birni zuwa tsibirin Borniyo. Ku yi wannan lissafin: idan teku yana hawa milimita 4 a shekara, ƙasa kuma tana sauka milimita 10, mai gida yana asarar milimita 14. A shekara 50, santimita 70 ke nan, alhali wanda ya duba teku kaɗai zai rubuta santimita 20.

Tarko na biyu, taswirar tudu da kwari kanta tana iya yin ƙarya. Shekaru da yawa masu bincike sun dogara da awon da kumbon Amurka ya yi daga sama a watan Fabrairun 2000. Matsalar ita ce na'urar takan auna saman bishiyoyi da rufin gidaje ta ɗauka ƙasa ce, sai unguwa ta fito a taswira da tsayin da ba ta da shi. A 2019 masu bincike na wata cibiya mai suna Climate Central suka gyara awon. Tsohon lissafi ya nuna mutum kusan miliyan 80 ne suke zaune a wuraren da ambaliyar teku za ta riƙa shiga kowace shekara nan da 2050. Sabon lissafi ya ce miliyan 300.

Tarko na uku, gaɓa ba bangon baho ba ce. Rairayi yana tafiya. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana tura shi daga yamma zuwa gabas. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas domin kada rairayi ya toshe hanyar jirage. Rairayin ya taru a yamma, gabas ta rasa, teku ya yi ta cin bakin ruwan Bar Beach shekara da shekaru. A can ne yanzu aka cike teku ana gina Eko Atlantic da doguwar katangar da ke kare shi. A Gana ma, garin Keta ya yi asarar gidaje da tituna, kuma madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965 tana cikin dalilai, domin ta tare rairayin da kogin Bolta yake kai wa gaɓa. Wani injiniya mai suna Per Bruun ya kawo wata ƙa'ida a 1962 da ke nuna cewa gaɓar rairayi tana iya ja da baya ninki 50 zuwa 100 na tashin ruwa. Masana suna sukar ƙa'idar saboda ta sauƙaƙa abin da yawa, amma ta nuna mana cewa santimita 30 a sama yana iya zama mita 15 zuwa 30 a ƙasa.

Tarko na huɗu, ba a ranar da teku yake kwance yake shiga gida ba. Yana shiga ne ranar da cikar teku ta haɗu da guguwa da ruwan sama mai ƙarfi, magudanai suka kasa amayar da ruwa saboda bakinsu ya nutse. Ƙarin taƙi ɗaya yana ɗaga mafarin kowace irin wannan rana. Rahoton IPCC ya ce nan da 2100, a fiye da rabin tashoshin awon teku na duniya, irin tumbatsar da a da sai shekara 100 ake ganinta sau ɗaya za ta riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Saura tambayar da ta fi wuya: santimita nawa za a saka a lissafin? Babu lamba guda, domin amsar ta dogara da yawan hayaƙin da duniya za ta ci gaba da fitarwa. Idan aka rage shi sosai, ana hasashen ƙarin santimita 28 zuwa 55 nan da 2100. Idan aka ci gaba da ƙona mai da gawayi babu ƙaƙƙautawa, santimita 63 zuwa 101. Saboda haka mai aikin kirki yakan zana taswira uku ko huɗu, ɗaya ga kowane hasashe. Wanda zai kafa rumfar sayar da kifi ta shekara 5 yana iya duba ta ƙasa. Wanda zai gina asibiti ko tashar jiragen ruwa da za ta shekara 80, dole ya duba ta sama. Mutanen Holan sun koyi wannan da tsada. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800, sun gina manyan madatsai da ƙofofin tare teku, kuma har yau suna sake lissafinsu lokaci bayan lokaci.

Taswirar kuma ba ta cika sai an saka mutane a ciki. Unguwa biyu suna iya zama a tsayi ɗaya, amma ɗaya tana da magudanai da gidajen siminti da kuɗin gyara, ɗayar kuwa gidajen katako ce ta masunta. A Ayetoro da ke jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, teku ya riga ya cinye babban ɓangare na garin, har da gidaje da makarantu. Yaran da suka rasa ajinsu a can sa'o'inku ne, jarrabawar da za ku rubuta ita za su rubuta.

Na san wani zai ce, mu da muke Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ina ruwanmu da teku? Ku tambayi gida, da wuya a rasa ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko kasuwar Mile 12. Kayan da ake saukewa a tashar Apapa su ne suke cika kantunanmu. Kogin Kwara da na Binuwai, waɗanda suka ratsa ƙasarmu, su ne suke kai laka da rairayin da suka gina yankin Neja Delta, kuma madatsa irin ta Kainji tana riƙe wani kaso na wannan lakar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da Bahaushe ya ce a yi.

Ga aikin wannan mako. Ku samo faranti mai faɗi, ku tara rairayi a gefe ɗaya, rabi ku yi shi da tudu mai tsini, rabi a shimfiɗe. Ku zuba ruwa kaɗan, ku kafa tsinken ashana a bakin ruwan. Ku ƙara ruwa rabin kofi, ku auna da rula inda bakin ruwan ya koma a kowane ɓangare. Daga nan ku danna shimfiɗaɗɗen ɓangaren da tafin hannu kaɗan, ku sake aunawa. Ku rubuta lambobin uku ku kai wa malamin labarin ƙasa, ku nemi ya tattauna su da ku a aji.

Ni dai da na gyara aikina, taswira uku na miƙa maimakon ɗaya, kuma wurare da yawa da na shafa wa kore sun koma ja. Malam ya karɓa, ya ce saura in koyi saka yawan jama'a a kowace gunduwa. A kan wannan nake yanzu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.