Araha Ba Ta Ado: Kada Ka Narka Dalma a Gidan da Yara Ke Rarrafe

A Amurka akwai masu sha'awar harbi da farauta waɗanda ke zuba harsashinsu da kansu a gida. Hujjarsu ita ce na kanti ya yi tsada, tsohuwar dalma kuwa kusan kyauta ake tsintarta. A nan ma wannan lissafi ba baƙo ba ne. Maharbi yana narka dalma domin bindigarsa, masunci yana zuba ta domin nauyaya komarsa, wani kuma yana fasa tsohon batirin mota ya ciro ta. Idan kana cikinsu, ko kana shirin shiga, ka sani lissafin nan da kuskure, domin ba ka sa lafiyar iyalinka a ciki ba.

Za ka ce a sarari kake aikin, iska tana kwashe hayaƙi. Ai ba hayaƙi ne kaɗai matsalar ba. Dalma tana narkewa a kusan digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, kuma dattin da ke tasowa a samanta idan ya huce yakan zama gari mai laushi kamar toka. Garin nan yana manne wa hannu da riga da takalmi, ya bi ka har ɗaki, ya zauna a tabarma da ƙasar tsakar gida. Ba ya wari, ba ya ruɓewa, shekaru ba sa kashe shi. Yaron da ke rarrafe zai dafa ƙasa ya kai hannu baki, kuma jikinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da jikin babba.

Za ka ce kakanni sun yi, ba abin da ya same su. Wa ya auna jininsu? Gubar dalma ba ta shela. Takan zo da ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, yawan fushi da rashin fahimtar karatu, sai a ce yaron daƙiƙi ne, ko a ɗora wa iska. Idan ta yi yawa sai jijjiga da suma, har mutuwa. Babba kuma tana jawo masa hawan jini da ciwon ƙoda. Tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta ɗauki ciki ta koma cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa.

Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinare masu dalma cikin gida ana daka su. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, likitocin MSF kuma suka shafe shekaru suna jinya. Dalmar can ta fi ta kaskonka yawa nesa ba kusa ba, amma hanyar da ta bi ɗaya ce: daga aikin uba zuwa ƙurar gida, daga ƙura zuwa bakin yaro.

Saboda haka, maigida, ka fitar da aikin nan daga gidanka kwata-kwata. Idan sana'a ta tilasta maka taɓa dalma, ka yi nesa da gida da rijiya, kada ka ci abinci ko goro a wurin, ka yi wanka ka sauya kaya da takalmi kafin ka ɗauki ɗanka. Ke kuma uwargida, kada ki ba da aron tukunya ko ludayi domin wannan aiki, wanda aka riga aka yi amfani da shi kuma kada ya koma madafa. Inda ake zargin garin ya zuba, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsintsiya tayar da shi take yi.

Idan an taɓa narka dalma a gidanku, ku kai yara da mai ciki asibiti, ku faɗa wa likita a fili, ku nemi a auna dalma a jininsu. Akwai maganin da ke fitar da ita idan ta yi yawa, amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Kuɗin da ka rage a harsashi ba zai sayo wa ɗanka wannan ba.