Kwafin bayanai zuwa gajimare: ba ƙarancin rezo kaɗai ke jawo tafiyar hawainiya ba

A ranar 26 ga watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, lokacin da ake aikin sauya wa wasu batura wuri. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet sun tsaya cik. Yawancinsu sun dawo, amma wani rumbu da ake kira G-Drive, inda ma'aikata ke zuba takardun aikinsu, ya tafi da kusan terabait 858. Dalilin da aka bayar shi ne rumbun ya yi girman da ba a iya yi masa kwafin ajiya a wani wuri ba.

Irin wannan uzuri ba baƙo ba ne a biro-biro na Yamai ko Maraɗi, sai dai a nan ba terabait 858 ake magana ba. Ma'aikatar magajin gari mai rajistar haihuwa, ko asusun bada rance, ko kantin magani na sari, abin da suka tara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta. Amma da zarar an gwada tura shi zuwa abin da ake kira gajimare, wato manyan rumbunan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google da ake haya ta intanet, sai aikin ya kwana bai ƙare ba, a ƙarshe a haƙura. Bayanan su ci gaba da zama cikin kwamfuta ɗaya, a ɗaki ɗaya, a ƙasar da ruwan daminar 2024 ya rusa har tsohon masallacin Birni na Damagaram.

Lissafin ba shi da wuya. Layin da ke aika megabit 10 a daƙiƙa zai kwashe fiye da kwana tara, dare da rana, kafin ya tura terabait ɗaya, kuma wannan idan wuta ba ta ɗauke ba, rezo bai yanke ba. Akwai kuma tarkon da masu saye ke yawan faɗawa: saurin da ake tallatawa galibi na saukewa ne, alhali kwafin ajiya aikawa yake yi. Starlink, da ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025, ya sauƙaƙa wa wurare masu nisa, amma shi ma aikawarsa ba ta kusa da saukewarsa.

Don haka gyaran farko shi ne rage kayan da ake ɗora wa layin. Rajistar da ta kai gigabait 500 ba dukanta ke sauyawa kullum ba. Idan abin da aka ƙara ko aka gyara a yini gigabait 2 ne, wancan layin zai tura shi cikin ƙasa da rabin awa. Manhajojin ajiya na kirki suna yanyanka kowane fayil gutsi-gutsi, su yi wa kowane gutsi alama, sannan su aika wanda rumbun bai taɓa gani ba kaɗai. Takardar da ma'aikata ashirin suka ajiye kowa a kwamfutarsa, sau ɗaya za ta hau. Matse bayanai ma yana taimakawa sosai ga rubutu da jadawalin lissafi, sai dai hotunan takardun da aka ɗauka da na'ura sun riga sun matsu, ba su ƙara raguwa. Kuma tsari yana da muhimmanci: a matse tukuna kafin a kulle da mabuɗin sirri, domin abin da aka riga aka kulle ba ya matsuwa.

Matsala ta biyu ita ce nisa, kuma ita aka fi mantawa. Manyan kamfanonin nan uku, cikakkun cibiyoyinsu na Afirka ta Kudu da Sahara suna Johannesburg ne da Cape Town. In ba can ba, sai Turai. Hanyar da kwamfutoci ke musayar bayanai kuwa tana kama da ɗan dako mai jiran a ce masa "an karɓa" kafin ya ɗauko kaya na gaba. Idan zuwa da dawowar wannan amsa na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa, kuma ana aika kilobait 64 a kowane zuwa, saurin ba zai wuce megabit uku da rabi ba, ko da an biya kuɗin layin megabit 50. Maganin shi ne a buɗe hanyoyi da yawa lokaci guda, a raba babban fayil kashi-kashi kowanne ya bi tasa. Wannan kuma yana da wata fa'ida a inda rezo ke yawan katsewa: kashin da ya faɗi kaɗai ake maimaitawa, ba a komawa farko. Ƙananan fayiloli dubu ɗari su ma sun fi babba guda ɗaya cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya ne, saboda kowanne sai an yi masa tasa gaisuwar. Shi ya sa ake ɗaure su dami guda kafin aikawa.

Shawarar da aka saba bayarwa, a bar kwafin ya tafi da dare, tana da kyau a wurin da wuta ke tsayawa. Waɗanda suka ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, sun san dare ba shi da tabbas. Ƙaramin batir da zai riƙe kwamfutar ajiya da akwatin intanet na 'yan awoyi ya fi ƙarin kuɗin layi amfani a biro da yawa.

Sai tambayar inda za a ajiye. Ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma Nijar, da ba ta da teku, na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu. Wanda kwafinsa ɗaya tilo ke Turai, a ranar bai fi wanda ba shi da kwafi ba. Shi ya sa tsohuwar ƙa'idar masana ba ta tsufa ba: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na kusa shi ake maidowa da sauri, na nesa kuma don ranar gobara ko ambaliya. Gajimaren ma gini ne da ke iya ƙonewa: a watan Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikin suka tarar kwafinsu na ajiya yana wuri ɗaya da asalin.

Aikin shimfiɗa igiyar intanet mai ratsa Sahara, da Bankin Raya Afirka ke cikin masu ɗaukar nauyinsa, ya haɗa da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Rumbu a cikin gida zai rage nisan da ke cin saurin, ya kuma sauƙaƙa bin dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP ke sa wa ido, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai waje. Sai dai cibiya ɗaya a gari ɗaya, in ba ta da ta biyu, daidai take da abin da ya faru a Daejeon.

Awon da ya kamata shugaban ma'aikata ya nema daga mai kula da kwamfutocinsa ba shi ne awa nawa kwafin ya ɗauka yana hawa ba. Kwana nawa zai ɗauka ya dawo? Kwafin kullum ƙarami ne, amma ranar da na'ura ta mutu dukan rumbun ake saukowa, wasu kamfanonin kuma suna karɓar kuɗi kan kowane gigabait da ya fita. Asusun rancen da zai yi mako guda yana jiran littafin bashinsa ya sauko, masu ajiya na tsaye a ƙofa tun safiyar farko.