Ƙurar hunturu na riƙe da tarihin damina, amma sai an iya karanta ta

Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk mai shago a Djougou ko Parakou ya san aikin kakkaɓe ƙura. Yawancinta na tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ƙasan tsohon babban tafkin Chadi da ya ƙafe. Inda irin wannan ƙura ta yi dubban shekaru tana kwanciya, takan zama ƙasa mai laushi da masana ke kira loess. Akwai ta tsakanin Kano da Zariya, inda Grant McTainsh ya auna zubar ƙurar tun ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ke ɓoye a cikinta shi ne maiƙon bakteriya. Waɗannan ƙwayoyin halitta na sauya ginin maiƙon fatarsu gwargwadon yanayi: idan da sanyi, rassan maiƙon kan ƙaru, idan da zafi su ragu. Ƙwayar ta mutu, maiƙon, wanda ake kira GDGT, ya saura. Sai a haƙa ƙasar hawa-hawa, a auna shi, a ƙiyasta zafin kowane zamani.

A Sin an gwada wannan. Binciken Francien Peterse da abokan aikinta na 2011 a Mangshan ya nuna cewa bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe, ɗumi ya riga ƙaruwar ruwan damina da kusan shekara 3,000. Wato zafi da ruwa ba dole su tafi tare ba. Wannan batu ya shafi manomin doya da auduga a Donga da Borgou kai tsaye, domin bayanan ma'aunin ruwan sama da muke da su ba su wuce ƙarni guda da ɗoriya ba. Da su kaɗai, da wuya a ce farin 1973 da na 1984 baƙon abu ne ko tsohon hali.

Sai dai akwai tarko. A busasshiyar ƙasa, ƙarancin danshi da gishirin ƙasa na karkatar da sakamakon, har a karanta fari a matsayin sanyi. Kafin a amince da duk wani adadi daga ƙasar Kano, dole a fara gwada ma'aunin da ƙasar yau, a wuraren da aka san ruwansu da zafinsu sarai.

Nan ne Djougou ke da abin bayarwa. Shirin AMMA-CATCH ya shafe sama da shekara ashirin yana auna ruwan sama da danshin ƙasa a saman kogin Oueme. A ganina, a ɗebi ƙasa daga nan, a bi layi ta Kandi har Maradi, Jami'ar Parakou ta riƙe samfuran tare da Jami'ar Bayero ta Kano. Na'urar auna maiƙon tana da tsada, ana iya aika samfur waje. Ɗibar ƙasa kuwa shebur ne da jaka da kuɗin man babur.