Ranar da “sarki” ya koma “saki”: wa ke da alhakin madannan da suka ƙi dannuwa?



A hunturun bara ina tsakiyar buga wani gajeren labari da nake son turawa gasa, saura kwana huɗu a rufe karɓa, sai harafin R na kwamfutata ya shiga yajin aiki. Ban ankara ba sai da na koma ina bitar abin da na buga. Inda na rubuta “sarki ya fito” sai na tarar da “saki ya fito”. Inda tauraruwar labarin ta ce “ƙarya ce” sai ga “ƙaya ce”. Na ɗauki kwamfutar na kai wa mai gyara. Ya dudduba, ya hura, ya ce: “Malam, ai ƙura ce. Kuma da alama kana cin abinci a kanta.” Na biya kuɗin gyara, na dawo gida ina jin kamar ni ne mai laifi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: idan madannan kwamfuta suka lalace tun ba a je ko’ina ba, laifin wa ne, mai amfani da ita ko wanda ya ƙera ta? Tawa ba ta kamfanin Apple ba ce, amma labarin Apple zan kawo, domin a kansa aka yi wannan muhawara a bainar jama’a har ta kai gaban alƙali.

A ƙarƙashin kowane madanni na yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka akwai ’yan robobi biyu da suka gitta juna kamar almakashi. Su ke riƙe madannin, su sauka da shi idan ka danna. A 2015 Apple ya fitar da wata MacBook mai inci 12, siririya ƙwarai, ya cire almakashin ya sa wani sabon tsari mai fukafukai biyu da mahaɗi a tsakiya. Sunan da ya ba tsarin, in an mayar da shi Hausa, shi ne malam-buɗe-littafi. Kamfanin ya ce sabon tsarin ya fi tsohon siranta da kashi 40 cikin ɗari. A 2016 ya sa shi a MacBook Pro, a 2018 kuma a MacBook Air.

Sai dai wannan malam-buɗe-littafi ya hana marubuta da yawa buɗe nasu littafin. Saboda sirantar, tazarar da madanni ke sauka ba ta kai milimita ɗaya ba, don haka ƙwayar ƙura ko ɗan ɓurɓushin biskit ya isa ya tokare shi. Wani harafin ka danna ya ƙi fitowa, wani ka danna sau ɗaya ya fito sau biyu, wani ya maƙale. Ku auna wannan da Hausa, inda ninka baƙi ɗaya ke mayar da “baba” ya koma “babba”, “mana” ya koma “manna”. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gyara. An haɗe allon madannan da murfin saman kwamfutar, a MacBook Pro kuma har batir an manne shi a jikin murfin, saboda haka harafi ɗaya kan jawo a canja ɓangaren gaba ɗaya, kuɗin kuma ya kai ɗaruruwan daloli ga wanda garantinsa ya ƙare.

Marubuta ne suka fi ɗaga murya, domin su abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. A Oktoban 2017 ’yar jarida Casey Johnston ta rubuta yadda madannan sabuwar kwamfutarta suka addabe ta, rubutun ya yaɗu sosai. A Maris na 2019 Joanna Stern ta jaridar Wall Street Journal ta fitar da sharhinta babu haruffan E da R, don mai karatu ya ɗanɗana abin da take sha. A lokacin ne Apple ya ba da haƙuri, yana cewa ’yan kaɗan ne daga masu amfani da kwamfutocin abin ya shafa. A Fabrairun 2020 kuwa, Taika Waititi, jim kaɗan bayan ya karɓi kyautar Oscar ta rubutun fim, ya tsaya gaban ’yan jarida yana kuka da madannan Apple, har ya nemi ƙungiyar marubutan fim ta sa baki.

Masu kare kamfanin suna da hujjojinsu, kuma bai kamata mu yi watsi da su ba. Suna cewa babu na’urar da ba ta lalacewa. Suna cewa an sayar da miliyoyin waɗannan kwamfutoci, kuma wanda tasa ke aiki lafiya ba ya zuwa intanet ya yi shela, mai kuka kaɗai ake ji. Suna cewa mutane ne da kansu suke neman kwamfuta siririya mara nauyi, kuma duk siranta tana da farashinta. Sannan suna cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: mutum ya zauna yana cin gyaɗa a kan kayan aikinsa, sannan ya zo yana zargin kamfani.

Na yarda da rabin maganar. Wanda ya kifar da kofin shayi a kan kwamfutarsa ba shi da bakin neman diyya. Amma ƙura daban, shayi daban. Kwamfutar tafi-da-gidanka an yi ta ne don a saka ta a jaka, a buɗe ta a aji, a tasha, a tsakar gida. Duk wanda ya ƙera ta ya san za ta haɗu da ƙura, kamar yadda mai ɗinka takalmi ya san ƙasa za a taka da shi. In takalmi ya yage saboda an taka ƙasa, ba ƙafa za a tuhuma ba.

Abin da kamfanin ya yi da hannunsa ma ya fi kowace hujja ƙarfi. Da farko ya ba da shawarar a karkata kwamfutar a fesa mata iska daga gwangwani. A Yunin 2018 ya buɗe shirin gyara madannan kyauta har tsawon shekara huɗu daga ranar da aka fara sayen kwamfutar. A wannan shekarar ya sa wata siririyar roba a ƙarƙashin madannan sabbin kwamfutocinsa. A Mayun 2019 ya fitar da sabon samfuri, kuma tun ranar fitowarsa ya sa shi cikin jerin waɗanda za a gyara kyauta. A Nuwamban 2019 ya koma tsarin almakashi, zuwa Mayun 2020 ya daina fitar da malam-buɗe-littafi gaba ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Da laifin masu cin biskit ne kawai, da ba a sake tsarin ba, domin har yau ba su daina cin biskit ba.

Masu saye a Amurka sun haɗu sun shigar da ƙara a 2018, suna zargin kamfanin ya san da aibin ya ci gaba da sayarwa. A 2022 Apple ya amince ya biya dala miliyan 50 a yi sulhu, ba tare da ya amsa laifi ba. A sulhun, wanda aka canja wa ɓangaren fiye da sau ɗaya an ware masa har dala 395, wanda aka canja wa sau ɗaya har dala 125, wanda aka canja wa murfin madanni kawai har dala 50.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne yawancinmu ba sabuwar kwamfuta muke saya ba, ta hannu muke saya. Waɗannan kwamfutoci na 2015 zuwa 2019 da aka gaji da su a can, irinsu ne ke zuwa kasuwanninmu, an goge su suna sheƙi. Wa’adin gyaran kyauta ya riga ya wuce, diyyar kuma ta tsaya a Amurka. Na’urar da ta sha wuya da ƙurar ofis mai na’urar sanyaya ɗaki, ita ce za ta shiga hazon hunturun Kano ko Damagaram. Matashin da ya yi shekara yana tara kuɗi don ya daina buga littafi a waya, shi ne zai gaji aibin da ba shi ya jawo ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun babin ciniki a fiƙihu ya san mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. Mun kuma san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi faɗa kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mai saye zai gani. A Najeriya ma akwai dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, da hukumar FCCPC mai karɓar koke. Matsalarmu ita ce mun saba da “ƙaddara ce” tun kafin mu tambayi haƙƙinmu, kuma ba ma karɓar ko rasit.

Ra’ayina shi ne alhakin aibin da ke cikin tsarin ƙira yana kan wanda ya ƙera, alhakin bayyana shi kuma yana kan duk wanda ya sani ya sayar. Namu shi ne mu buɗe ido. Kafin ka biya, buɗe shafin rubutu ka danna kowane madanni sau da yawa, sannan ka buga cikakken sakin layi da sauri, ka duba ko wani harafi ya ɓace ko ya ninku. Tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba, ko ana iya canja allon madannan wannan samfuri shi kaɗai, kuma nawa ne. Ka sa a rubuta maka a rasit kwanakin da za ka iya mayarwa. Ka ajiye allon madannai na waje mai araha don ranar tsiya, ka riƙa adana rubutunka a wuri biyu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Mu ma masu ƙera kaya ne. Idan muka sayar da littafi shafi goma sun ɓace a tsakiya, ko muka karɓi kuɗin masu karatu a WhatsApp muka bar labarin a rabi, da wane baki za mu tuhumi kamfani? Mai karatun da ya biya kuɗinsa shi ma yana da haƙƙin a gyara masa ko a mayar masa. Labarin nan nawa dai na tura shi gasar, bayan na bi shi harafi bayan harafi na mayar wa kowane sarki da R ɗinsa.

Wanda ya taɓa mayar da kwamfuta aka karɓa, ya ba mu labarin yadda ya yi, mu ƙaru. Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.