Wasiƙa Daga Horo Birni: Takardun Tafiya A Zamanin Annoba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wa wani malamin makaranta daga Boɗinga, wanda ya aiko mini da tambaya bayan wasiƙata ta makon jiya. Ya ce yana so ya san ko mene ne bambancin fasfo da biza, kuma ta yaya mutum zai riƙe duka biyu a hannu, amma a ce masa ba ya shiga ƙasa. To, Malam, tambayarka ta taɓo mini wani miki. Zan amsa maka da abin da idona ya gani a shekarun korona, gama ni ne akawun da dangi da maƙwabta ke kawo wa takardunsu in cika musu, tun da aka san na yi karatun boko a makarantar mishan.

Ka ƙaddara kana so ka kwana gidan wani attajiri a garin da ba a san ka ba. Fasfo shi ne shaidar mai unguwarku, cewa kai ɗan wane ne, mutumin gari kaza. Biza ita ce saƙon mai gidan, cewa ya yarda ka zo. Amma in ka iso zaure akwai mai tsaron ƙofa, shi kuwa yana da ikon ya mayar da kai in an ba shi sabon umurni bayan ka baro gida. Wannan na uku shi ne iznin shiga. A kwanakin lafiya ba a cika jin labarinsa ba, sai da annoba ta zo muka gane ashe shi ne babba.

Ina da kawu, wan mahaifiyata, manomi ne, yana kuma taɓa kiwo. Shekara da shekaru yana tara kuɗin albasa da na turkar shanu da nufin sauke farali. A ƙarshen 2019 ya kira ni ya ce guzuri ya kusa cika, in raka shi Sakkwato a yi masa fasfo. Da muka zo wajen cika shekarar haihuwa, na tambaye shi, ya ce shi bai san wata shekara ba, amma mahaifiyarsa ta sha gaya masa an haife shi a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba. Na san wannan a 1956 aka yi, saboda haka na rubuta 1956 da hannuna. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ya biya kuɗin kujera, shi da wani amininsa da suka tashi tare tun suna yara. Sai ga labari daga ƙasar Sin wai wata cuta ta ɓulla. Muka ji kamar tatsuniya. Ran 27 ga Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu umra, a ranar kuma aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo Nijeriya da cutar, wani Bature ɗan Italiya, a Ikko. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annoba mai game duniya. Kafin watan ya ƙare Gwamnati ta rufe filayen jiragen sama ga masu zuwa daga waje da masu fita, ba a buɗe ba sai ran 5 ga Satumba. Ofisoshin jakadu suka daina karɓar masu neman biza. Iyakar Illela kuwa da ma tana rufe tun Agusta 2019 saboda fasa-ƙwauri, sai a tsakiyar Disamba 2020 aka buɗe ta. Watau ta sama babu hanya, ta ƙasa babu.

Ran 22 ga Yuni 2020 aka ba da sanarwa cewa hajjin shekarar sai mazauna Saudiyya kaɗai. A 2019 mutum wajen miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa, a 2020 kuwa ba su wuce dubu goma ba. Na je na gaya wa Kawu, na kuma ce an ba da zaɓi, wanda ya so ya karɓi kuɗinsa, wanda ya so ya bari sai baɗi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kuɗin da na riga na ba Allah, in karɓo in sayi me da su? A bar su." A 2021 aka sake maimaita haka, aka ce mutum dubu 60 ne za su yi, su ma mazauna ƙasar waɗanda aka yi wa rigakafi. A cikin damanar shekarar nan amininsa ya rasu, fasfonsa na cikin adaka, ba a taɓa buga masa hatimi ko ɗaya ba. Allah ya ba shi ladan niyyarsa.

A tsakanin nan ne takardun tafiya suka haihu. Da can fasfo ne da biza da katin nan rawaya na allurar shawara, alhaji kuma a ƙara masa ta sanƙarau da ɗigon shan-inna. Korona ta ƙaro takardar gwaji, wadda ke da kwanaki ƙidayayyu, yawanci uku, in jirgi ya yi latti ta mutu sai a sake wata da sabon kuɗi. Ta ƙaro katin rigakafi, shi ma ba ko wace allura ko wace ƙasa ta yarda da ita ba. Ta ƙaro killacewa. Da aka fara buɗe umra ga baƙi ran 1 ga Nuwamba 2020, an ce sai mai shekara 18 zuwa 50, kuma in ya sauka ya zauna a masauki kwana uku kafin ya nufi Harami. Mai dawowa gida Nijeriya shi ma sai ya yi rajista ta intanet, ya biya kuɗin gwaji na biyu tun kafin ya hau jirgi, ya killace kansa kwana bakwai. Ku duba fa, jama'a, ana tambayar tsohon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya cika takarda ta waya. Dole ya nemi akawu, ko kuwa ya faɗa hannun dillali.

Allurar kanta ba ta iso mu da wuri ba. Kashin farko, kusan miliyan huɗu, ya sauka Abuja ran 2 ga Maris 2021, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Da ta iso kuma sai jita-jita ta riga ta shiga gari. Wani dillali ya zo har zaurenmu ya ce yana iya samo wa Kawu kati ba tare da allura ta taɓa fatarsa ba. Na sallame shi. Na kai Kawu aka yi masa ta gaske, sau biyu, ya yi zazzaɓin kwana ɗaya ya warware.

A Afrilu 2022 albishir ya zo, an buɗe hajji ga mutum miliyan ɗaya, aka ba Nijeriya kujera 43,008 maimakon 95,000 da ta saba samu. Muka fara murna. Da na karanta sharuɗɗan har ƙasa sai gabana ya faɗi, domin an ce sai wanda bai kai shekara 65 ba. Kawu yana da 64 sa'ad da ya biya kuɗi. Annoba ta cinye masa shekara biyu, ya zama mai 66.

Daren nan 'ya'yansa suka same ni. Babbansu ya ce, "Malam, ai kai ka ƙiyasta shekarun nan, ba takardar haihuwa gare shi ba. Wanda ya ƙiyasta da fari yana iya sake ƙiyastawa. A je a yi rantsuwa a ce kuskure aka yi, a rage uku, a sake fasfo." Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, maganar ta shige ni. Na tuna amininsa da ke kwance a maƙabarta. Na ce a raina, wa ya san ko Kawu zai ga baɗi? In ya mutu bai je ba, ashe alƙalamina ne ya hana shi. Na kwana ina juyi, har na rubuta takardar rantsuwar na sa a aljihu.

Da safe na je na gaishe shi, na karanta masa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, Sarauniyar ce ta sake shekarar zuwanta, ko kuwa uwata ce ta yi mini ƙarya?" Na ce, "Ko ɗaya, Kawu." Ya ce, "To, in rantse da Allah a kan ƙarya domin in je ɗakinsa? In na isa in gaya masa me? Yage ta." Na yage ta a gabansa, kunya kamar in nutse. Ni da na yi shekaru a aji ana koya mini gaskiya, sai ga wanda bai san baƙi ba ya karanta mini ita.

A 2023 aka janye sharaɗin shekaru, aka mayar wa Nijeriya kujerunta 95,000. Amma kujerar da ta ke wajen naira miliyan ɗaya da rabi a 2019, ta kai kusan miliyan biyu da rabi a 2022, ta doshi miliyan uku a 2023. Sai da ya sayar da wata 'yar fadamarsa ya cika. Muka raka shi filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya tafi, ya dawo lafiya. Abin da ya fara gaya mini shi ne ya yi wa amininsa addu'a a Arfa.

Yanzu, shin masu rufe ƙofa sun yi laifi? A ganina mai gida yana da ikon tsare gidansa, abin kuwa ba sabo ba ne. Malamai sun fi ni sanin labarin Halifa Umar, yadda ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Bayan kwalarar da ta yi ɓarna a Makka a 1865 aka kakkafa wuraren tsare alhazai a bakin Bahar Maliya. Kakanninmu da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, su kan yi shekaru a hanya, in sun isa Sawakin a tsare su, a yi musu lambar agana, kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa guzuri ya ƙare musu suka zauna noman auduga a Sudan, ga zuriyarsu can har yau, kusa da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. In an gwada da nasu, jiranmu na shekara biyu ko uku da sauƙi.

Amma akwai inda na ga an yi rashin adalci, zan kuwa faɗa. A Nuwamba 2021 masanan Afirka ta Kudu suka gano wani sabon nau'in cutar, wanda aka sa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba su ɓoye ba. Ladan da aka ba su shi ne rufe musu ƙofa, su da maƙwabtansu. Ran 6 ga Disamba Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga, Kanada ma ta hana. Alhali an riga an sami nau'in a Turai, har Holan ta gano shi cikin gwaje-gwajen da ta ɗauka tun kafin sanarwar. Ran 15 ga watan Ingila ta soke jerin, domin cutar ta riga ta bazu a cikin gidanta. Kwana tara kacal, amma ɗalibai da marasa lafiya da 'yan kasuwa masu biza a hannu sun yi hasarar tikiti da lokaci. In aka hori mai faɗin gaskiya, gobe wa zai faɗa? Wannan ya kamata hukumomin duniya su duba tun kafin wata ta zo.

A Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce halin gaggawa ya wuce, sharuɗɗan korona kuma suka kau. Amma annoba ba ta aiko da goron gayyata. Saboda haka ga shawarata ga malamai da akawuna, tun da mu ne idon jama'a wajen takarda. Ku sa iyaye su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa tun ranar suna, domin kada wani akawu ya zo yana ƙiyasi bayan shekara sittin. Suna da shekarun da ke kan fasfo su zo daidai da na katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. A duba ranar mutuwar fasfo, gama ƙasashe da yawa ba sa ba da biza in saura ƙasa da wata shida. A karɓi allura ta gaske a ajiye katinta, kada a saya, ramin ƙarya ƙurarre ne. A biya kuɗi a hukumar da aka sani, a karɓi rasiɗi. Kada a sayar da gona ko sa sai an karanta sharaɗi har layin ƙarshe, domin a can ƙasa maciji ke kwanciya. Wanda kuma Allah ya hore wa hali da lafiya bana, kada ya ce sai baɗi.

Malam na Boɗinga, ina fata ka sami amsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan yi magana a kan takardar shaidar gona da rigimar gado. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya buɗe wa ko wane matafiyi hanya, ya komo da shi gida lafiya, amin.

Ni ne naka,
Akawun Horo Birni,
Ƙasar Shagari, Jihar Sakkwato.